Aikin haƙori ba sai likita ba: hanyoyi huɗu ga wanda ya gama sakandare a Jos

Da hutun Babbar Sallah na je gida Jos, 'yar yayana ta tare ni a tsakar gida da sakamakon NECO a hannu. Shekara biyu a jere makinta na JAMB bai kai ta likitanci ba. Ta ce, "Gwaggo, ni dai aikin haƙori nake so irin naki, amma kowa da abin da yake gaya mini. Wannan ya ce in tafi kwaleji, wancan ya ce akwai kilinik a Abuja da za su koya mini cikin wata shida, har su riƙa ba ni na mota." Na ce ta bari in sa wani abu a cikina tukuna. Abin da muka tattauna a daren nan shi na zauna na rubuta, don na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba.

Ni mataimakiyar likitan haƙori ce, a Abuja nake aiki. Hanyoyin da ke gaban mai son wannan fanni huɗu ne: kwas ɗin mataimakin likitan haƙori, wanda aka fi sani da DST, sai dental tarafi, wato wankin haƙori da kula da baki, sai dental teknoloji, wato ƙera haƙoran roba, sai koyo a bakin aiki cikin kilinik. Likitancin haƙori kansa shekara shida ne a jami'a, kuma Jami'ar Jos tana da tsangayarsa, amma wanda makinsa ya kai can ba ya bukatar shawarata.

Abin da za a auna da shi

Na farko, wanda shi ne uwar sauran: wa zai ba ka lasisi? Hukumomi biyu ne. Akwai hukumar rajistar masu dental tarafi, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke riƙe da masu tarafi da mu mataimaka. Akwai kuma hukumar rajistar masu dental teknoloji, tun dokar 1987. Sunayensu sun yi kama da juna ƙwarai, har iyaye kan ɗauka abu guda ne. Bayan su ga NBTE da ke Kaduna, mai amincewa da kwasa-kwasan ND da HND. Makaranta tana iya samun amincewar wannan ta rasa ta waccan, kuma ba a gaya wa ɗalibi sai ya tambaya.

A nan ne maganar indeksin take shigowa. Hukuma tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ta ba kowane ɗalibi lamba. Makarantar da kwaɗayi ya ja ta ɗebi fiye da ƙima, rarar ɗaliban haka za su yi ta zaman aji suna biyan kuɗi, ranar jarrabawar hukuma a ce babu sunansu. Duk wanda zai biya kuɗin makaranta ya fara tambayar ɗaliban ajin ƙarshe, ba ofishin rajista ba: "Kun samu lambarku?"

Na biyu shi ne shekaru da kuɗi, kuma kuɗin ba na makaranta kaɗai ba, har na haya da mota da kayan aiki. Na uku, abin da hannunka zai wuni yana yi, don wasu ba sa iya jure jini da warin baki, wasu kuma ba sa iya zama wuri guda awa biyar. Na huɗu, ƙarkon takardar: bayan shekara goma tana nan tana ɗaga ka, ko ta tsaya da kai? Na biyar, haɗari, na jiki da na aljihu.

Sharaɗin shiga hanyoyi ukun farko kusan ɗaya ne: kiredit biyar a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, a zama bai wuce biyu ba. Inda kwas ɗin na ND ne, sai an bi ta JAMB.

Hanya ta farko: mataimakin likita

Ta nan na bi, don haka a yi mini uzuri in na daɗe a kanta.

Ana yin kwas ɗin a kwalejojin fasahar lafiya, shekara biyu zuwa uku gwargwadon tsarin makaranta, sannan a zauna jarrabawar hukuma. Kusan kowace jiha tana da irin wannan kwaleji, ta Filato tana Pankshin, amma ba kowace ce ke da sashen haƙori ba, kuma mai shi ma sai an duba ko izininta na nan da rai. A cikin hanyoyin da ke kai wa ga lasisi, wannan ce mafi sauƙin kuɗi, musamman a kwalejin gwamnati. Masu zaman kansu sun fi tsada nesa, kuma asusun rancen ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 makarantun gwamnati yake kallo.

Mutane suna ɗauka aikinmu miƙa wa likita ƙarfe ne kawai. To, ga yadda safiyata take. Kafin likita ya iso na wanke kayan jiya, na naɗe su, na zuba a otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi. In a kan digiri 121 ne, sai ta yi aƙalla minti 15 bayan ta kai zafin. In a kan 134 ne, 'yan mintoci sun isa. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, ba a cewa ai ta kusa, sabon lale ake yi. Sannan in jera faranti: madubi, ɗan ƙarfen laluben kogo, hantsaki, allurar kashe zafi. Da mara lafiya ya kwanta, hannuna ɗaya yana riƙe da bututun zuƙe yawu, ɗayan yana miƙa kaya ta ƙarƙashin haɓarsa, ba ta saman idonsa ba, don kada ya ga abin da zai tsorata shi. Gwanar mataimakiya ba ta jira a tambaye ta, tana ganin inda aikin ya kai ta san abin da ke biye.

Akwai kuma rubutu. Haƙoran babba 32 ne, na yaro 20, kowanne da lambarsa. Likita ya ce "uku, shida", wato turmin farko na ƙasa ta hagu. In hankalinki ya tafi kika rubuta 46, kin koma ɓangaren dama, kuma wata rana wani zai zo ya yi aiki da abin da kika rubuta.

Abin da ba na mantawa shi ne makona na farko a Abuja. Akwai wani gari da ake kwaɓawa da ruwa a ɗauki awon baki da shi, aljinet. Da ruwan sanyi na saba kwaɓa shi, yana ba ni lokaci in juya in shafa a faranti a natse. Ranar, cikin watan Maris, na ɗebi ruwa daga jarkar da ta wuni kusa da taga. Kafin in kai hannu bakin mutumin ya daskare a kwano kamar tuwon jiya. Likita bai ce komai ba, kallona kawai ya yi ta saman tabarau. Tun daga ranar nake ajiye ruwan kwaɓi a firji. A aji an gaya mana ɗumi yana gaggauta shi, amma jiki magayi.

Samun aiki ba shi da wuya sosai, musamman a Abuja, inda kilinik ɗin haƙori suka cika Wuse II da Maitama da Garki da Gwarimpa, kuma kowace kujera tana bukatar mataimaki. Matsalar albashi ne. A gwamnati ana bin CONHESS, tsarin albashin ma'aikatan lafiya, kuma mai difloma yana shiga a matakin da ke ƙasa da na mai HND. A kilinik mai zaman kansa kuwa ciniki ne tsakaninka da mai wuri. Kada ka dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, don dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin kilinik ɗin haƙori ko rabin haka ba su kai ba. Sai ka haɗa da cewa mai wannan albashi ba ya iya haya a Wuse. Mararaba ko Masaka zai zauna, ya fito da asuba ya sha cunkoson Nyanya, kuɗin mota ya ci rabonsa kafin wata ya raba.

Takardar tana da ƙarko, ba ta mutuwa muddin ana sabunta lasisi. Sai dai tana da rufi. Bayan 'yan shekaru za ka ga ka iya duk abin da aikin ya ƙunsa, matakin gaba kuwa sai an koma aji. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu sun koma sun ƙaro karatu, wasu da goyo a baya.

Haɗarin jiki na gaske ne. Mu ke wanke ƙarafa masu kaifi da jini a jikinsu, mu ke zubar da allura. Kafin ka fara zuwa asibiti koyon aiki ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Kada ka jira makaranta ta tuna maka.

Hanya ta biyu: dental tarafi

Bambancin a taƙaice: mataimaki yana gefen kujera, mai tarafi yana cikin baki. Yana da nasa marasa lafiya. Babban aikinsa wankin haƙori, wato kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori har ya kumbura dasashi, da shafa sinadarin kariya, da koya wa mutane yadda za su kula da bakinsu.

Karatun ND ne da HND, shekara huɗu, sai shekara guda ta horon sanin makama, sai hidimar ƙasa ga wanda bai wuce shekara 30 ba, inda alawus ya koma naira 77,000 tun 2025. Ka ga kusan shekara shida ke nan kafin a fara maganar albashi na dindindin, in ma an samu gurbin horon a kan lokaci, don wannan gurbi yana wahalar da mutane sosai. Tsohuwar makarantar fannin ita ce ta tarayya da ke Enugu, wadda ta faro a Legas tun shekarun 1950, aka mayar da ita Enugu a 1982, kwanan baya kuma aka ɗaga ta zuwa jami'a. Daga Jos tafiya ce ta wuni guda ta Lafiya da Makurɗi, kuma ba kowane uba ne zai saki 'yarsa zuwa can ba. Akwai kwalejoji a Arewa da ke yin kwas ɗin, a nan ma dai izini da indeksin za a fara dubawa.

Kuɗin ya fi na hanyar farko, don shekarun sun fi yawa, ga kayan aikin hannu da ɗalibi kan saya da kansa.

Amma ni a ganina nan ne aikin ya fi daɗi ga mai son mutane, kuma nan ne Bahaushe ya fi amfani. Rabin aikin magana ce. Dattijo zai zo da haƙora jajur da goro, ya ce shi an gaya masa wankin asibiti yana sassauta haƙori yana buɗe wushirya. Sai ka zauna ka nuna masa cewa dattin ne ya cinye dasashin tun tuni, wankin bayyana ɓarnar kawai ya yi. Ba za ka hana shi aswaki ba, gyara masa riƙon za ka yi. Ga 'yan Filato akwai wani abin na daban: a wajajen Langtang ruwan sha yana da sinadarin fuloraid da yawa, yara su taso da haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa. Wannan ba datti ba ne, a cikin haƙorin yake, ko an wuni ana wankewa ba ya fita, kuma budurwar da ta tara kuɗinta ta zo da fata tana bukatar wanda zai gaya mata gaskiya cikin lalama ya tura ta wurin likita. Haka ciwon zaizayar baki, mai cin fuskar yaran da yunwa ta raunana, wanda har asibiti na musamman gare shi a Sakkwato, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Da gyambon dasashi yake farawa. Wanda ya san shi tun a wannan mataki ya ceci fuskar yaro.

Takardar ta fi ta farko nisa: matakin shiga gwamnati ya fi, ƙarin girma ya fi, ana iya koyarwa, ana iya shiga aikin lafiyar al'umma. A Jos ma akwai cibiyar binciken lafiyar baki ta Afirka, wadda aka kafa da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, ga sashen haƙori na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Haɗarinta kuwa wuya da gadon baya, saboda sunkuyo, da feshin ruwan baki da injin wanki ke tayarwa. Takunkumi da tabarau ba ado ba ne a wannan aiki.

Hanya ta uku: dental teknoloji

Wannan maƙeri ne, sai dai haƙori yake ƙerawa. Awon nan da na ce ya daskare mini a kwano, wurinsa ake kaiwa. Ya zuba filasta ya fitar da siffar bakin, ya jera haƙora a kan kakin zuma, ya dafa, ya goge, har su zama haƙoran roba da tsohuwa za ta ci nama da su. Shi ke yin hular haƙori ta tangaran ko ta ƙarfe, har da irin wanda muke kira haƙorin Makka.

Shekarunsa kamar na tarafi ne a matakin ND da HND, da horo da hidimar ƙasa. Akwai kuma digiri a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri. Kayan koyo suna cin kuɗi, don abin da ka ɓata ba ya dawowa.

Mai wannan lasisi zai iya buɗe wurin kansa ya riƙa karɓar aiki daga kilinik goma a lokaci guda, ɗan acaɓa yana kai da kawowa. Amma jari yake so, da wuta tsayayya, ga shi sana'ar tana sauya fata: manyan wurare a Abuja sun fara ɗaukar awo da na'urar hoto, kwamfuta ta zana, inji ya sassaƙa. Wanda ya fito da aikin hannu kaɗai zai ci abinci, amma manyan kuɗin suna wurin wanda ya iya duka biyun. Guraben gwamnati ba su da yawa. Ƙurar filasta da warin sinadarin roba suna taɓa ƙirji da fata. Kuma akwai jarabar da ke kayar da wasu: mutum ya zo har shago ya ce a sa masa haƙori kai tsaye ba tare da likita ba. Wannan ya fita daga hurumin lasisin.

Hanya ta huɗu: koyo a kilinik

Ita ce ta fi jan hankalin 'yar yayana, kuma na san dalili. Babu JAMB, babu kuɗin makaranta, wani lokaci har da ɗan abin sayen sabulu. In ka dace da likita mai son koyarwa, cikin wata shida hannunka zai faɗa, watakila ma fiye da na ɗalibin da ya shekara biyu bai taɓa kujera mai aiki ba.

Na yi aiki da wata baiwar Allah da ta shekara bakwai a haka. Wallahi ta fi ni sauri, ni ce ma nake satar kallon hannunta. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata a wani asibitin gwamnati muka je tare. A bakin tebur aka tambaye ta lambar rajista, ta miƙa wasiƙar yabo daga mai kilinik. Ko buɗe ta ba a yi ba. Bayan shekara guda mai kilinik ɗin ya rufe ya bar ƙasar, ta koma neman aiki kamar wadda ta fara jiya, kowa yana taya ta da albashin sabon shiga.

Gajerun kwasa-kwasan wata uku da ake tallatawa, da satifiket ɗin intanet mai tambarin wata makaranta a Amurka, duk a wannan layi suke. Takardar tana da kyau a bango, amma ba ta kai ka jarrabawar hukuma. Kuma in wani abu ya ɓaci a kan mara lafiya, wanda ba shi da lasisi shi ake fara turawa gaba.

| | Mataimaki | Tarafi | Teknoloji | Koyo a kilinik |
|---|---|---|---|---|
| Shekarun aji | 2 zuwa 3 | 4 | 4 | babu |
| Horo da hidimar ƙasa | babu hidimar ƙasa | akwai | akwai | babu |
| Kuɗi | matsakaici | mai yawa | mai yawa, ga jari daga baya | kaɗan |
| Lasisi | akwai | akwai | akwai | babu |
| Wurin aiki | gefen kujera | cikin baki | ɗakin ƙira | gefen kujera |
| Samun aikin farko | da sauƙi | sai an jira gurbin horo | ya danganta da gwaninta | da sauƙi |
| Ƙarko | yana da rufi | mai nisa | mai nisa ga mai sabunta ilimi | yana hannun mai kilinik |
| Babban haɗari | sukar allura, ƙaramin albashi | ciwon baya, jinkiri | ƙura, karyewar jari | rashin takarda |

Wa ya dace da wacce

In gida na jiran ka fara kawo wani abu nan da shekara uku, ko ke da aka sa wa ranar aure nan kusa kina son ki shiga ɗaki da takarda a hannu, ɗauki kwas ɗin mataimaki a kwalejin gwamnati mai izini. Ka shiga da sanin cewa wata rana za ka so komawa aji, don haka ka adana sakamakonka da kyau.

In akwai mai ɗaukar nauyinka shekara biyar zuwa shida ba tare da an sayar da gona ba, kuma kana da bakin lallashin mutane, tarafi ta fi. Da za a mayar da ni baya ita zan ɗauka.

In kai ne yaron da ke kwance rediyo ya mayar, ko yarinyar da ke zana lalle ba hannunta ya karkace, ga ka ba ka son jini, ga burin zama da wurin kanka, teknoloji taka ce. Ka fara koyon kwamfuta tun yanzu.

Koyo a kilinik kuwa wuri guda na yarda da shi: watannin jiran sakamako ko jiran gurbi. Je ka yi wata uku ka ga ko cikinka zai ɗauki cire turmin da ya ruɓe da ƙarfe takwas na safe. A wannan matakin ma ba sai an zo Abuja ba, ka nemi wuri a Jos inda za ka kwana a gida ka ci tuwon gida.

'Yar yayan tawa ƙannenta huɗu ne a makaranta, babanta kuma a Farin Gada yake sayar da kayan gwari. Kwas ɗin mataimaki muka tsayar. Na rubuta wa Yaya tambayoyi uku a bayan katin ɗaurin aure: takardar izinin hukuma ta wace shekara ce, ɗalibai nawa aka yarda su ɗauka, kuma a wane asibiti ake kai su koyon aiki. Ita kuma ta karɓi allurar rigakafinta ta farko kafin in hau motar Abuja.